Yadda Za Ka Shiga Taron Worldcon Ka Kaɗa Ƙuri'ar Lambar Hugo Daga Inda Kake

Duk mai bibiyar ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi ya saba ganin sunan lambar yabo ta Hugo a bangon littafi, amma ba kowa ya san cewa babu wani kwamitin farfesoshi ko alƙalai da ke zama ya yanke wanda zai ci ba. Masu karatu ne suke zaɓa, kuma sharaɗin guda ɗaya ne: mutum ya yi rajista a matsayin mamba na taron duniya na masu sha'awar wannan adabi, wato Worldcon. Ba a tambayar ƙasar mutum, ba a tambayar takardar makaranta, kuma ba dole ba ne ya taka ƙafarsa zuwa garin da ake taron. Wanda ke zaune a Zariya ko Maraɗi ko Kumasi yana da ƙuri'a ɗaya, daidai da wanda ke zaune a Landan. Ina ganin babbar asara ce a ce muna da masu karatu da yawa haka, amma da ƙyar ake jin muryarmu a wurin da ake tantance labaran da duniya za ta karanta, a fassara, a kuma mayar da su fim.

Da farko ya kamata a fahimci irin taron. An fara shi a birnin New York a 1939 da mutane kusan 200, yaƙin duniya na biyu ya dakatar da shi daga 1942 zuwa 1945, sannan ya ci gaba duk shekara tun 1946. Ba shi da mazauni na dindindin, kuma ba kamfani ne ya mallake shi ba. Kowace shekara wani gari ne ke karɓar baƙunci, 'yan sa-kai ne kuma ke ɗaukar nauyin komai, tun daga tsara jadawali har zuwa ƙirga ƙuri'a, kusan yadda ake aikin gayya a gona. Helsinki ta karɓa a 2017, Dublin a 2019, Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, Glasgow a 2024, Seattle a 2025. Taron 2026 na Anaheim ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, daga 27 zuwa 31 ga Agusta, na 2027 kuma na Montreal ne a Kanada, daga 2 zuwa 6 ga Satumba. Kada a haɗa shi da babban taron Comic-Con na San Diego, inda mutane fiye da dubu ɗari ke cincirindo don ganin taurarin fim da tallan manyan kamfanoni. Worldcon taron mutane dubbai kaɗan ne, littafi ne ginshiƙinsa, kuma marubuci da mai karatu a layi ɗaya suke tsayawa wajen karɓar katin shiga.

Rajista da lokacin da ya fi dacewa a yi ta

Tun da kowace shekara kwamiti daban ne ke shiryawa, kowane taro yana da nasa shafin intanet. Hanya mafi aminci ita ce ka fara da shafin hukuma na Worldcon ko na lambar Hugo, ka bi mahaɗin da zai kai ka shafin taron shekarar. A can za ka tarar an raba rajista gida biyu. Akwai ta zama mamba na ƙungiyar da ke riƙe da kundin dokokin taron, wadda za ka gani an rubuta WSFS Membership, kuma ita ce ke ba da damar zaɓe. A 'yan shekarun nan kuɗinta yana kewayen dalar Amurka 50. Akwai kuma ƙarin kuɗin halarta, ko dai da jiki ko ta intanet, wanda ake ɗorawa a kan na farko. Wanda burinsa karatu da zaɓe ne kawai, ta farkon ta ishe shi.

Ranar da ya kamata ka rubuta ka ajiye ita ce 31 ga Janairu. Wanda ya zama mamba kafin wannan rana ta wuce yana da damar gabatar da sunayen ayyukan da yake so a zagayen farko na shekarar, ya kaɗa ƙuri'a a zagayen ƙarshe, sannan ya sake gabatar da sunaye a zagayen farko na shekara mai zuwa ba tare da ya ƙara ko sisi ba, domin doka ta ba mambobin taron bara damar shiga zagayen farko na bana. Wanda ya makara ya yi rajista a watan Afrilu, misali, zagayen farko na shekarar ya wuce shi, amma sauran damar biyu suna nan. Dala 50 ba ƙaramin kuɗi ba ne idan aka juya su zuwa naira ko sefa ko sidi, saboda haka gara a biya a lokacin da za a ci cikakkiyar moriyarsu.

Kafin ranar biya, ka tabbatar katin bankinka yana aiki a ƙasashen waje, ka kuma san iyakar da banki ya sa masa, don kada ka zo daren ƙarshe kati ya ƙi. Ka yi amfani da sunanka na gaskiya da adireshin imel da kake buɗewa kullum, domin ta nan za a aiko maka da hanyar shiga shafin zaɓe, kuma saƙon yakan faɗa cikin akwatin tarkacen saƙonni idan ba a lura ba. Rajista ɗaya ta mutum ɗaya ce. Wannan ba ƙa'idar wasa ba ce: a Glasgow a 2024 masu ƙirga sun soke ƙuri'u 377 daga cikin 3,813 bayan sun gano an yi su da sunayen bogi don a ɗaga wani ɗan takara.

Zagayen farko, inda ƙuri'a ta fi nauyi

An fara ba da lambar Hugo a 1953 a Filadelfiya, ta zama ta kowace shekara daga 1955, kuma an sa mata sunan Hugo Gernsback, wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Kofin da ake bayarwa siffar roka ce mai sheƙi, gindinta kuwa kowane kwamiti da irin zanen da yake yi masa. Rukunan rubutun zube guda huɗu da yawan kalmomi ake raba su. Gajeren labari shi ne wanda bai kai kalmomi 7,500 ba. Na biye daga 7,500 zuwa 17,500. Na uku daga 17,500 zuwa 40,000. Cikakken littafi kuma daga 40,000 zuwa sama. Bayan waɗannan akwai rukunin jerin littattafai, da na labarin zane, da na fim mai tsawo wanda ya wuce minti 90, da na gajeren shiri irin na talabijin, da na wasannin kwamfuta, da na editoci, masu zane da mujallu.

Akan buɗe zagayen farko a farkon shekara a rufe wajen tsakiyar Maris. Ba a ba ka jerin sunaye ka zaɓa. Layuka ne babu komai a kansu, kai ne za ka rubuta abin da ka karanta ko ka kalla wanda ya fito a shekarar da ta gabata, har guda biyar a kowane rukuni. Ka rubuta sunan aikin, da na marubucin, da inda aka buga shi, daidai yadda suke, domin 'yan sa-kai ne za su zauna su daidaita dubban rubuce-rubuce, kuma kuskuren harafi yana iya sa a kasa gane abin da kake nufi. Ba dole ba ne ka cike kowane rukuni. Idan gajeren labari ɗaya tak ka karanta wanda ya tsaya maka a rai, rubuta shi ka bar sauran layukan.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya fi mai da hankali. Masu shiga zagayen farko a 'yan shekarun nan ba su cika kai dubu biyu ba, kuma ƙuri'unsu suna warwatsuwa a kan ɗaruruwan ayyuka. Shi ya sa a rukuni irin na gajerun labarai, 'yan gomomin mutane kan isa su kai labari zagayen ƙarshe. Shiga cikin ayyuka shida da ke kaiwa zagayen ƙarshe a kowane rukuni kaɗai yana canza rayuwar marubuci, domin daga nan editoci da wakilan mawallafa da masu fassara za su fara nemansa. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci lambar a 2016 da labarinta Binti. Marubuci ɗan Najeriya Oghenechovwe Donald Ekpeki ya kai zagayen ƙarshe a 2022, ɗan ƙasarsu Wole Talabi kuma a 2023. Kowannensu sai da wasu masu karatu suka zauna suka rubuta sunansa a kan layin da babu komai kafin ya kai can.

Yadda ake ƙirga wannan zagaye yana da ɗan sarƙaƙiya, amma sanin sa zai hana ka yin dabarar da ba ta da amfani. Kowace takarda tana da maki ɗaya a kowane rukuni, ana raba shi daidai tsakanin ayyukan da ka rubuta. Idan huɗu ka rubuta, kowanne ya samu rubu'i. Sai a ɗauki ayyuka biyu mafi ƙarancin maki a gwama su, wanda mutane kaɗan suka ambata ya fita, makin da ke kansa kuma ya koma kan sauran ayyukan da ke takardar. Haka ake ta yi har a rage shida. Ma'anar wannan ita ce makinka ba ya ɓacewa muddin akwai ko ɗaya daga cikin zaɓinka da ya rage, don haka rubuta duk abin da ka yarda ya cancanta, ba sai ka taƙaita a kan ɗaya ba. An fara aiki da wannan tsari a 2017, bayan abin da ya faru a 2015, lokacin da wasu gungu suka haɗa baki suka rubuta jerin sunaye iri ɗaya suka mamaye rukunai da dama, har masu zaɓe suka fusata suka ƙi ba da lambar ga kowa a rukunai biyar.

Sai tambayar abin da za a karanta, ganin cewa sababbin littattafan ƙasashen waje suna da tsada kuma ba sa isowa da wuri. Gajerun labarai ne mafita. Mujallu irin su Clarkesworld, Uncanny da Strange Horizons suna sanya labaransu a intanet kyauta, haka ma Omenana, wadda aka kafa a Najeriya a 2014 don marubutan Afirka. Ka ware littafin rubutu ko wani shafi a wayarka, duk labarin da ya burge ka ka rubuta sunansa da watan da ya fito da kimanin tsawonsa. Idan Janairu ta zo, ba za ka tsaya kana lalube a ƙwaƙwalwa ba. Yana da kyau kuma a riƙa duba jerin lambar Nommo, wadda ƙungiyar marubutan wannan fanni ta Afirka ke bayarwa tun 2017, domin tana nuna sunayen da ke tasowa a nahiyar.

Dokar Hugo ba ta ce sai aikin da aka rubuta da Ingilishi ba. Labarin Hausa da aka buga a shekarar da ta gabata ya cancanta kamar kowane, kuma idan aka fassara shi zuwa Ingilishi daga baya, yana sake samun dama a zaɓen shekarar da ta biyo bayan fitowar fassarar. Ta hanyar fassara ne littafin Liu Cixin, The Three-Body Problem, ya ci rukunin cikakken littafi a 2015 bayan Ken Liu ya mayar da shi Ingilishi daga Sinanci. Irin wannan rubutu ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Marubucin Hausa da ke son ayyukansa su shiga wannan fage ya tabbatar akwai ranar bugawa a bayyane a jikin aikin, ya nemi mai fassara na ƙwarai, ya kuma sanar da masu karatunsa a ƙarshen shekara abin da ya fitar, domin yin haka al'ada ce karɓaɓɓiya. Babu fom ɗin neman shiga takarar Hugo, babu kuɗin shiga. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai saka littafi a takara, damfara ce.

Zagayen ƙarshe

Wajen watan Afrilu akan bayyana shida-shidan da suka tsallake, daga nan kuma mambobin taron shekarar kaɗai ke da ƙuri'a. Ba da jimawa ba kwamiti kan buɗe wa mambobi kundin masu zaɓe, wato tarin kwafin intanet na ayyukan da ke takara, wanda mawallafa da marubuta ke bayarwa don raɗin kansu. Wasu kan ba da littafi sukutum, wasu ɓangare kawai, finafinai kuwa galibi sai mutum ya nema da kansa. Duk da haka, abin da ke ciki yakan fi ƙarfin kuɗin rajistar idan da saye za a yi. Ka sauke shi a lokacin da kake da intanet mai ƙarfi, domin labaran zane suna da nauyi. Ka kuma riƙe shi a matsayin amana. An ba ka ne don ka karanta ka yi hukunci, kuma watsa shi a zaurukan WhatsApp zalunci ne ga marubutan da suka yarda da kai, yana kuma sa mawallafa su janye hannu a shekara mai zuwa.

Lokacin karatu wata uku ne ko ƙasa da haka, domin akan rufe zaɓe wajen watan Yuli. Shawarata ita ce a fara da gajerun labarai. Shidansu gaba ɗaya ba su kai kalmomi 45,000 ba, abin da mai karatu zai gama a 'yan kwanaki, kuma da ka gama ka mallaki rukuni guda da za ka yi zaɓe a cikinsa da sani. Daga nan ka hau zuwa masu tsawo gwargwadon lokacinka. Rukunin da ba ka karanta ba ka bar shi fayau, ya fi a ce ka zaɓi suna don kawai ka taɓa jin sa.

Zaɓen na jeri ne. Ka sa 1 a kan wanda ka fi so, 2 a kan mai bi masa, har zuwa inda ka ga dama. Idan babu wanda ya samu fiye da rabin ƙuri'un farko, sai a cire na ƙarshe a raba takardunsa ga zaɓinsu na biyu, a ci gaba har wani ya haye. Saboda haka lamba ta biyu da ta uku suna da tasiri sosai, kuma sau da yawa su ke yanke hukunci. A kowane rukuni akwai layin da aka rubuta No Award, wanda ke nufin kada a ba kowa. Duk abin da ka jera a ƙarƙashin wannan layi, kana cewa ne gara a bar lambar a ajiye da a ba shi. Hukunci ne mai nauyi, kuma bai kamata a yi amfani da shi a kan aikin da kawai bai dace da ɗanɗanon mutum ba.

A kula da bambancin agogo. Sau da yawa da lokacin garin taron ake sanar da wa'adi. A watannin damina, Kalifoniya tana bayan Najeriya da Nijar da awa takwas, Montreal kuma da awa biyar. Ƙarfe 11:59 na dare a Kalifoniya ya yi daidai da 7:59 na safiyar washegari a Kano, tattaunawar da aka sa ƙarfe huɗu na yamma a can kuma sha biyun dare ce a nan. Shafin zaɓen yakan bari mutum ya adana ƙuri'arsa ya dawo ya gyara kafin a rufe, don haka ka shigar da abin da ka yanke tun da wuri, kada ɗaukewar wuta ko yankewar intanet ta ci maka ƙuri'a. Bayan bikin ba da lambar, ana fitar da cikakken lissafin ƙuri'u na zagaye biyun. Ka karanta shi. Ta cikin irin wannan lissafi ne aka gano a farkon 2024 cewa masu kula da zaɓen Chengdu sun cire wasu ayyuka da suka samu isassun ƙuri'u ba tare da bayyana dalili ba, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai zafi da murabus ɗin wasu jami'ai.

Ga mai niyyar zuwa da kansa

Biza ce matsala ta farko, kuma tun 2025 dokokin shiga Amurka sun tsananta a kan 'yan ƙasashen Afirka da dama. Kada ka sayi tikitin jirgi ko ka biya otal kuɗin da ba a mayarwa sai ka tabbatar da matsayin ƙasarka daga ofishin jakadanci, biza kuma ta shiga hannu. Ka rubuta wa kwamitin taron tun da wuri ka nemi takardar da ke tabbatar da rajistarka, ka kuma tambaya ko akwai ragi, domin wasu kwamitoci kan rage wa matasa da masu zuwa karon farko, kuɗin halarta kuma yana hawa ne mataki-mataki yayin da taro ke matsowa. Idan tafiyar ba ta yiwu ba, halarta ta intanet ta samu gindin zama tun 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa taron Wellington ta ƙasar New Zealand komawa intanet baki ɗaya.

Wanda Allah ya kai shi zai tarar ana gudanar da tattaunawa da yawa a ɗakuna daban-daban a sa'a guda, don haka ya zauna da jadawali tun da dare kafin ranar ya zaɓi uku ko huɗu a rana, ya bar sarari don salla da abinci da zagaya rumfunan masu sayar da littattafai. Abin da bai kamata ya wuce shi ba shi ne zaman shan shayi da marubuci, inda mutum goma ko makamancin haka ke kewaye tebur ɗaya da marubucin na tsawon kusan awa guda suna hira kai tsaye. Sai an rubuta suna tukuna, kuma gurbin yana cika da wuri. Zai ga mutane sun liƙa ƙananan ƙyallaye masu rubutu a ƙasan katinsu na shiga, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, har na wasu ya sauko musu zuwa gwiwa. Akwai na masu zuwa karon farko, kuma liƙa shi yana sa tsofaffin mahalarta su tsaya su nuna wa mutum hanya. Da dare akwai gasar shigar kwaikwayon jaruman labarai, kuma ladabin wurin shi ne a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. Shagulgulan da ake yi bayan nan sukan haɗa da barasa, amma babu wanda zai ga laifin wanda ya ƙaurace musu.

Akwai zaɓe na biyu da mutane kan manta da shi, wato na garin da zai karɓi taron shekara biyu masu zuwa. Mamba na iya shiga ko daga gida, ta hanyar biyan wani kuɗi na daban, wanda kai tsaye yake zama rajistarsa ta mamba a taron da ya yi nasara, ko da ba garin da ya zaɓa ne ya ci ba. Wanda ya yi niyyar ci gaba da zaɓen Hugo shekara bayan shekara, wannan ce hanya mafi sauƙi ta sabunta rajistarsa. Ta wannan zaɓe ne taron ya fara zuwa nahiyar Asiya, a Yokohama ta Japan a 2007, kuma har zuwa na 2027 ba a taɓa kai shi Afirka ba. Garin da ke so sai ya samu kwamitin 'yan sa-kai, ya nuna yarjejeniya da zauren taro da otal, ya gabatar da takardunsa ga kwamitin taron da za a yi zaɓen a cikinsa, sannan ya samu mambobin da za su sa masa lamba ta ɗaya a takardar ƙuri'a.